Wa Ya Fi Kowa a Damben Marasa Nauyi? Yadda Ake Auna Gwanayen Da da na Yanzu

A wannan makon mun ɗauko wata tsohuwar gardama da masu son damben boksin suka daɗe suna yi. Tambayar ita ce: a cikin 'yan damben ajin marasa nauyi, wa ya fi kowa a tarihi?

Idan ka tambayi sa'anninmu, za su ce Vasyl Lomachenko ko Devin Haney ko Gervonta Davis, domin su muke gani a waya. Idan ka tambayi waɗanda suka manyanta, za su ce Roberto Duran ko Pernell Whitaker. Masu karatun tarihi kuma za su kawo maka sunayen da wataƙila ba ka taɓa ji ba, irin su Benny Leonard da Joe Gans. Kowa da gwaninsa. Abin da ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa shi ne mutanen nan ba su taɓa haɗuwa a fage ba, kuma ba za su taɓa haɗuwa ba. Gans ya rasu a 1910, an haifi Duran a 1951, shi kuwa Haney sai a 1998 ya zo duniya. To ta yaya za a auna mutanen da zamani ya raba su haka? Abin da za mu yi bayani a kai ke nan.

Mene ne ajin marasa nauyi?

A damben boksin ba a haɗa ƙato da siriri. Kafin a yi wasa sai kowa ya hau sikeli, kuma kowane aji yana da iyakar nauyinsa. Iyakar ajin marasa nauyi ita ce kilo 61 da ɗan ɗoriya, wato fam 135 a ma'aunin Amurkawa. Don ku gane sosai, nauyin buhun siminti ɗaya ne da ƙarin kilo 11. Kada sunan ya ruɗe ku, akwai ajujuwa da yawa da ke ƙasa da shi. Yana ɗaya daga cikin ajujuwa takwas na asali da aka daɗe da sani a boksin.

Masana suna son wannan aji saboda a nan ne sauri da ƙarfi suke haɗuwa. Masu nauyi suna da ƙarfi amma jikinsu bai cika sauri ba. Ƙanana sosai suna da sauri amma naushinsu bai cika kayar da mutum ba. Ɗan kilo 61 yana da duka biyun. Ban da haka, maza masu irin wannan jiki suna da yawa a duniya, saboda haka takara a ajin tana da zafi.

Ana yin wasan turmi turmi. Kowane turmi minti uku ne, sai a huta minti ɗaya. Wannan tsari ya samo asali daga dokokin Queensberry da aka buga a Ingila a 1867. Galibi ana cin wasa ta hanya biyu. Ko dai ka fi abokin karawarka maki a wurin alƙalai, ko ka buge shi ya kasa tashi kafin alƙalin wasa ya ƙirga goma, ko alƙalin ya ga ya jigata ya tsayar da wasan. Wannan ta biyun ita ake kira bugun kwaf ɗaya.

Abubuwan da zamani ya canja

Sunan ajin bai canja ba, amma kusan komai na cikinsa ya canja. Ga manyan abubuwa guda shida.

Na farko, yawan turmi. Ranar 3 ga Satumba 1906, a wani garin masu haƙar zinariya mai suna Goldfield a jihar Nevada ta Amurka, Joe Gans ya kara da Battling Nelson a tsakar rana. Sai da suka kai turmi na 42 kafin wasan ya ƙare, lokacin da Nelson ya yi naushi ƙasa da cibiya aka kore shi. Ku yi lissafi: 42 sau 3 ya ba da minti 126, ban da hutu. Ya fi darasi uku na minti 40 a jere. Daga baya aka mayar da wasan kambu turmi 15. A Nuwamba 1982 kuma wani abin baƙin ciki ya faru a wannan aji namu. Ray Mancini na Amurka ya doke Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu a turmi na 14 a Las Vegas, Kim ya suma, bayan 'yan kwanaki ya rasu a asibiti. Bayan wannan ne hukumar WBC ta rage wasan kambu zuwa turmi 12, sauran hukumomi suka bi bayanta kafin ƙarshen shekarun 1980. Yanzu minti 36 ne mafi tsawon wasa. Duk mai yi wa 'yan yanzu gorin cewa ba su da juriya, ya tuna ran mutum ne ya salwanta kafin a yi wannan ragi. Ba ragwanta ce ta kawo shi ba.

Na biyu, lokacin hawa sikeli. A da ranar wasa ake awo. A wasan Goldfield ma an tilasta wa Gans ya hau sikeli a ranar da kayan wasansa a jikinsa, kuma iyakar a lokacin fam 133 ce. Tun daga shekarun 1980 aka koma yin awo kwana ɗaya kafin wasa. Ɗan dambe yakan matse jikinsa ya rage ruwa har ya cika sharaɗi, yana sauka daga sikeli ya shiga ci da sha. Kafin gobe da dare wasu sun ƙara kilo biyar ko fiye. Ma'ana, mai suna "marar nauyi" a yau ya fi na zamanin Gans girman jiki idan sun shiga fage.

Na uku, yawan kambu. A mafi yawan shekarun da, zakara ɗaya ne a kowane aji, kuma duk duniya ta san shi. Yau manyan hukumomi huɗu ne ke ba da kambu: WBA, wadda ta samu wannan suna a 1962, da WBC da aka kafa a 1963, da IBF a 1983, da WBO a 1988. Saboda haka ana iya samun mutum huɗu a lokaci ɗaya, kowa yana cewa shi ne zakaran duniya. An kuma ƙirƙiro sababbin ajujuwa a tsakanin na da. Akwai na kilo 59 a ƙasan marasa nauyi, akwai na kilo 63 da rabi a samansa. Wanda ya ga aji ya yi masa zafi yana iya matsawa gaba kaɗan ko baya kaɗan ya sami kambu.

Na huɗu, yawan wasa. Gans ya yi wasa kusan 200. Benny Leonard ya haura 200. Henry Armstrong ya yi wasa 27 a cikin shekarar 1937 kaɗai, ya cinye duka, 26 daga ciki da bugun kwaf ɗaya. Zakarun yau kuwa sau biyu suke fitowa a shekara, wani lokaci ma sau ɗaya. Whitaker wasa 46 ya yi a duk rayuwarsa ta ƙwararru, Lomachenko kuma 21.

Na biyar, yanke hukunci. A zamanin Leonard, dokar wasu jihohin Amurka ta hana alƙalai su bayyana wanda ya ci wasa idan ba a buge wani ba. Idan an gama turmi duka kowa yana tsaye, sai a tashi babu hukunci, washegari 'yan jarida su rubuta wanda suke ganin ya fi. Wannan ya sa wasanninsa da yawa ba su shiga lissafin nasara a hukumance ba. Yau alƙalai uku ne ke zaune a gefen fage suna ba da maki turmi bayan turmi.

Na shida, halin rayuwa. Gans baƙar fata ne a Amurkar da ake nuna wariya a fili. A wasan Goldfield shi ne mai kambu, amma Nelson, wanda yake farar fata, ya karɓi kuɗin da ya ninka nasa. Ike Williams, wanda ya mulki ajin daga tsakiyar shekarun 1940 zuwa 1951, ya yi zamani da 'yan daba masu juya harkar dambe a ɓoye. A 1960 ya shaida wa wani kwamitin majalisar dattawan Amurka cewa akwai wasannin da ya yi bai ga kuɗinsu ba, kuma an sha yi masa tayin cin hanci don ya faɗi. 'Yan yau suna da likitoci, da masana abinci, da bidiyon abokin karawa da za su zauna su nazarta.

Ma'aunai uku masu ruɗi

Da yake komai ya canja haka, akwai ma'aunai uku da mutane suke yawan amfani da su waɗanda ba su da adalci.

Ma'auni na farko shi ne ƙirga lambobi kawai. Duran ya kare kambunsa na marasa nauyi sau 12. Joe Brown, wanda ya riƙe kambun daga 1956 zuwa 1962, ya kare shi sau 11. Amma akwai wani mai suna Artur Grigorian, ɗan asalin Uzbekistan mazaunin Jamus, wanda ya kare kambun WBO sau 17 daga 1996 zuwa 2004. In da lamba ce hujja, da Grigorian ya fi su duka. Amma da wuya ka sami masanin da zai ce haka, domin ɗaya ne daga cikin zakaru huɗu na lokacinsa, kuma bai haɗa kambunsa da na sauran ukun a fage ba. Ba muna raina shi ba ne, kare kambu sau 17 aiki ne. Muna nuna cewa lamba ita kaɗai ba ta isa ba.

Ma'auni na biyu shi ne cewa wane bai taɓa faɗuwa ba. Wannan ya fi kama 'yan zamaninmu. Mu duba tarihi. Benny Leonard ya fara damben kuɗi a 1911 yana ɗan shekara 15, kuma an doke shi a wasansa na farko. Henry Armstrong ma an buge shi a wasansa na farko a 1931, amma a 1938 shi ne ya riƙe kambun ajujuwa uku a lokaci ɗaya, a zamanin da ajujuwan asali takwas ne kacal. Lomachenko ya faɗi a wasansa na biyu, ya ci kambun duniya a na uku. Mutumin da ke fita fage kowane wata yana karawa da duk wanda aka kawo masa, dole wata rana ya faɗi. Wanda ke fitowa sau biyu a shekara, masu kula da shi suna zaɓa masa abokin karawa, zai iya daɗewa bai faɗi ba. Rashin faɗuwa abin yabo ne idan an kara da gwanaye. Idan an kauce musu ne, ba ya nuna komai.

Ma'auni na uku shi ne "da sun haɗu, wa zai ci?" Wannan tambaya tana da daɗin hira, amma ba ta da amsa. Da wace doka za su haɗu? Idan turmi 42 ne a rana tsaka da awo a ranar wasa, Gans yana gida. Idan turmi 12 ne da awon jiya da alƙalai uku, Haney yana gida. Wasu kuma sukan kalli tsohon fim na Gans su yi dariya, su ce ji yadda yake tafiya kamar ana fizgar sa. Laifin na'urar ɗaukar hoto ta wancan lokaci ne, wadda ake juyawa da hannu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a nan abin da ake ganin bai cika ba, domin mafi yawan wasannin Gans da Leonard ba a ɗauke su a fim ba. Da an haifi Gans a yau, zai sami horon yau. Da an haifi Haney a 1874, zai sha wahalar wancan lokaci. Ba adalci ba ne a ɗauko mutum ɗaya daga zamaninsa a bar ɗayan a nasa.

Ma'aunai huɗu da suka fi adalci

Mu a ganinmu, hanyar da ta dace ita ce a auna kowa a cikin zamaninsa, sannan a kwatanta sakamakon. Tambayoyi huɗu za a yi.

Ɗaya: da wa da wa ya kara? Ya fuskanci gwanayen lokacinsa ko ya kauce musu?

Biyu: tazarar da ke tsakaninsa da na biye da shi tana da yawa? Da ƙyar yake ci ko yana ci a fili?

Uku: shekara nawa ya yi yana mulkin ajin? Wanda ya leƙo ya ci kambu ya wuce gaba ba daidai yake da wanda ya zauna ya kare gida ba. Floyd Mayweather ya ci kambun ajin a 2002, Manny Pacquiao ya ci a 2008. Dukansu manyan gwanaye ne, amma ba su daɗe a ajin ba. Pacquiao ma wasa ɗaya ya yi a ciki. Girmansu a wasu ajujuwa aka gina shi.

Huɗu: me ya yi bayan ya faɗi? Ya koma ya rama ko ya gudu?

Yanzu bari mu ɗora mutum huɗu a kan wannan sikeli.

Joe Gans

An haife shi a Baltimore a 1874. A 1902 ya buge Frank Erne a turmin farko ya karɓi kambu, ya zama baƙar fata haifaffen Amurka na farko da ya zama zakaran duniya a boksin. Erne ɗin nan ya taɓa doke shi a 1900, saboda haka ramuwa ce. Ana yi masa laƙabi da Tsohon Gwani saboda iya tare naushi da mayar da martani, a lokacin da mutane da yawa ke dambe da ƙarfin tuwo kawai. Ya riƙe ajin har 1908, lokacin da Nelson ya karɓe kambun. Shekara biyu bayan haka tarin fuka ya kashe shi yana da shekara 35. A tambaya ta ɗaya da ta huɗu Gans ya ci maki sosai. Abin da ke rage masa shi ne ƙarancin shaida, domin labarinsa ya fi hotonsa yawa.

Benny Leonard

Bayahude ne daga unguwar talakawa a birnin New York. Kada ku haɗa shi da Sugar Ray Leonard, ba su da dangantaka. A 1917 ya tsayar da Freddie Welsh a turmi na 9 ya zama zakara, kuma bai saki kambun ba har ya ajiye shi da kansa a farkon 1925. Fiye da shekara bakwai ke nan, kuma a lokacin da ajin yake cike da gwanaye. Babban abokin hamayyarsa shi ne wani bahago mai suna Lew Tendler. Sun kara a 1922 aka tashi babu hukunci, suka sake karawa a 1923 a gaban mutum fiye da 50,000, Leonard ya ci da maki. Karyewar tattalin arzikin Amurka ta 1929 ta cinye dukiyarsa, ya dawo dambe a 1931 jiki ya riga ya yi nauyi, aka tsayar da shi a 1932. Ya rasu a 1947 a cikin fage yana aikin alƙalin wasa. A tambaya ta uku, wato daɗewa a kan mulki, kaɗan ne suka kama ƙafarsa.

Roberto Duran

Ɗan ƙasar Panama ne, ya tashi a unguwar El Chorrillo yana goge takalma don ya sami abin kai wa baki. Ana kiran sa Mai Hannun Dutse. A Yuni 1972 ya karɓi kambu daga Ken Buchanan na Sukotland. Gaskiya wasan ya ƙare da rigima, domin Buchanan ya ce naushin ƙarshe na turmi na 13 ƙasa da cibiya ya same shi, amma Duran ne ke gaba da maki kafin nan. Ya kare kambun sau 12, kuma 11 daga ciki ba a kai ƙarshen wasa ba.

Abin da ya fi burge mu shi ne labarinsa da Esteban de Jesus na Puerto Rico. A Nuwamba 1972 De Jesus ya kayar da shi a turmin farko, ya kuma cinye shi da maki a wasan da ba na kambu ba. Ita ce faɗuwarsa ta farko. Duran bai guje shi ba. A 1974 suka sake haɗuwa a Panama, De Jesus ya sake kayar da shi a turmin farko, Duran ya tashi ya buge shi a turmi na 11. A 1978 suka haɗu karo na uku, kowa da kambunsa, Duran ya buge shi a turmi na 12 ya haɗa kambun WBA da na WBC. Daga nan ya bar ajin, babu sauran wanda zai kara da shi. A 1980 ya hau ajin kilo 67 ya doke Sugar Ray Leonard a Kanada. Wannan nasara, da ajiye wasa da ya yi a tsakiyar karawarsu ta biyu, duka a wani aji suka faru, saboda haka ba mu sa su a lissafin nan ba.

Pernell Whitaker

Bahago ne daga jihar Virginia, ya ci zinariya a gasar Olamfik ta 1984. Shi gwanintarsa ita ce kaucewa. Yakan tsaya a gaban mutum ya sunkuya ya karkace, a yi ta kai masa naushi ana dukan iska. A 1988 alƙalai suka ba Jose Luis Ramirez na Meziko nasara a kansa a Faransa, hukuncin da masu kallo da yawa suka ce zalunci ne. A 1989 ya rama a fili. A Mayu 1990 ya kara da gwarzonmu na Afirka ta Yamma, Azumah Nelson na Ghana, wanda ya hauro daga ajin ƙasa don neman kambun. Whitaker ya ci da maki bayan turmi 12. A Agusta na shekarar ya buge Juan Nazario a turmin farko, ya haɗa kambun WBC da IBF da WBA a hannunsa. A tambaya ta biyu, wato tazara, Whitaker yana sama sosai, domin akwai wasannin da da ƙyar abokin karawarsa ke cin turmi ɗaya. Sai dai mulkinsa a ajin bai kai na Leonard ko na Duran tsawo ba.

Mutumin da ya ga zamani biyu

Akwai hanya guda da ke taimakawa wajen haɗa zamani da zamani, ita ce shaidar wanda ya gani da idonsa. Wani mai horar da 'yan dambe mai suna Ray Arcel ya yi aiki da Benny Leonard lokacin da ya dawo a 1931. Bayan shekara 41, Arcel ɗin nan yana kusurwar Duran a daren da ya doke Buchanan. Mutum ɗaya ya goge wa su biyun gumi. An san shi da yabon kaifin ƙwaƙwalwar Leonard har tsufansa, ko da yake shi ne ya taimaka wajen gina Duran. Irin wannan shaida tana da nauyi. Amma ita ma a riƙe ta da hankali, domin kowane mutum yana ganin gwanin ƙuruciyarsa ya fi na kowa. Mu ma in mun tsufa haka za mu riƙa yi wa jikokinmu.

'Yan yanzu fa?

Ba mu manta da su ba. A 'yan shekarun nan ajin ya yi armashi. Richard Commey na Ghana ya ci kambun IBF a Fabrairu 2019, Teofimo Lopez ya karɓe a Disamba na shekarar. Lopez ya doke Lomachenko na Yukren a 2020, George Kambosos na Ostireliya ya doke Lopez a 2021, Haney ya bi Kambosos har gida a 2022 ya haɗa kambu huɗu duka. A 2023 Haney ya doke Lomachenko da maki, hukuncin da har yanzu ake musu a kai, daga nan ya bar ajin. Kun ga kambu yana ta yawo daga hannu zuwa hannu. Wannan ya nuna gwanaye suna karawa da juna, abin yabo ne. Amma babu wanda ya zauna ya mulki ajin shekara shida ko bakwai.

'Yan uwanmu mata kuma ku sani ajin yana da gwanarsa. Katie Taylor ta ƙasar Ayilan ta haɗa kambu huɗu na marasa nauyi a 2019, kuma a 2022 ta doke Amanda Serrano a babban zauren Madison Square Garden. Turmin mata minti biyu ne a mafi yawan wasanni, saboda haka ita ma a cikin tsarinsu ya kamata a auna ta.

Hukuncinmu

Bayan mun auna, ga jerinmu. Na ɗaya Roberto Duran, domin shi ne ya amsa tambayoyin huɗu duka, kuma akwai fim ɗin wasanninsa da kowa zai iya dubawa. Na biyu Benny Leonard, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Wanda ya sa Leonard a gaba ba za mu ce ya yi kuskure ba. Na uku Joe Gans, wanda ya yi abin da ya yi da ƙafa ɗaya a ɗaure saboda wariya. Na huɗu Pernell Whitaker. Ike Williams da Joe Brown da Carlos Ortiz suna biye da su kusa kusa.

Wannan gardama tana kama da wadda ake yi a makarantu. Malamanmu sukan ce ɗaliban da sun fi na yanzu ƙoƙari, mu kuma mukan ce darussanmu sun fi nasu yawa. Wanda ya yi karatu da fitilar ƙwai da littafi ɗaya na aro, da wanda ke da waya amma su tamanin ne a aji, kowa da irin turmin da ya shiga. Adalci shi ne a tambayi kowa abin da ya yi da abin da ya samu a hannunsa.

Idan jerinku ya bambanta da namu, ku rubuta naku a takarda ku jefa a akwatin kulob kafin ranar Laraba. Sharaɗi ɗaya ne: duk sunan da kuka kawo, ku faɗi da wa ya kara, shekara nawa ya yi yana mulki, da abin da ya yi bayan ya faɗi. Za mu liƙa amsoshi uku da suka fi hujja a fitowa ta gaba.